Lafiyar Iyali: Jinyar Zuciya Ba A Asibiti Take Ƙarewa Ba

  

A wannan watan zancen zuciya za mu yi, wadda take cikin ƙirji tana harba jini. Na san kin sha jin ana cewa wane ya haɗiyi zuciya ya mutu, ko ki ji uwa tana ce wa ɗanta, "Kai dai so kake ka sa mini ciwon zuciya." Da yawanmu mun ɗauki wannan a matsayin salon magana kawai, alhali kuwa likitoci sun daɗe da auna abin, sun kuma tabbatar da cewa ɓacin rai da fargaba suna taɓa tsokar zuciya kanta. Wanda abin ya fi yi wa illa shi ne mutumin da ya riga ya gamu da bugun zuciya, Allah Ya sa da sauran kwana a gaba, aka sallamo shi daga asibitin Sir Yahaya, ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi da muka saba kira FMC, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ya dawo gida da ledar magani a hannu. Daga wannan rana likita zai riƙa ganinsa ne na 'yan mintuna a wata, ke kuwa uwargida ke ce da shi dare da rana. Don haka ya kamata ki san abin da ke hannunki.

ME YA FARU A ƘIRJINSA?

Zuciya tsoka ce, girmanta kusan dunƙulen hannun mai ita. Tana harbawa sau 60 zuwa 100 a minti guda idan mutum yana zaune, wato wajen sau 100,000 ke nan a kwana ɗaya, babu hutun Juma'a balle na Sallah. Ita ma tana bukatar abinci kamar kowace tsoka, kuma jini ne ke kai mata ta wasu ƙananan jijiyoyi da suka nannaɗe ta. Shekara da shekaru maiƙo yana taruwa a cikin waɗannan jijiyoyi yana rage musu faɗi, musamman ga mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai shan taba. Ranar da wannan maiƙo ya tsage, sai jini ya daskare a wurin ya toshe hanya. Ki ɗauki misalin noman rani a fadama: idan laka ta toshe hanyar ruwa guda, fangalin da ke sha daga nan ne zai bushe, sauran gona tana nan kore. To haka ɓangaren zuciyar da jini ya yanke masa yake fara mutuwa. Wannan shi ne ake kira bugun zuciya.

Ɓangaren da ya mutu ba ya dawowa, tabo yake zama, kuma tabon kan ɗauki makonni shida zuwa takwas kafin ya yi ƙwari. Mu da muke ba mai jego kwana arba'in muna lallaɓa ta, ai bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba. Mai bugun zuciya shi ma jego yake yi, sai dai nasa mikin ido ba ya gani, shi ya sa ake saurin mantawa da shi.

INA RUWAN DAMUWA DA TSOKA?

Ki tuna ranar da kika ɗaga tabarma kika yi arba da kunama, ko aka kira ki aka ce yaro ya faɗi a makaranta. Kafin ki yi tunanin komai gabanki ya faɗi, ƙirji yana dukan uku-uku, zufa ta keto. Abin da ya faru shi ne, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ga wasu 'yan ƙululai guda biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma suka zubo wani sinadari mai suna adirenalin a cikin jini. Aikin wannan sinadari shi ne ya shirya jiki don gudu ko faɗa. Yana ƙara wa zuciya sauri, yana ɗaga jini, yana matse jijiyoyi, yana kuma sa jini saurin daskarewa, domin ko da an ji rauni kada a zubar da jini da yawa. Wannan rahama ce ga mai gudun kura.

Matsalar ita ce jiki bai san bambancin kunama da mai bin bashi ba, bai san bambancin maciji da baƙar magana ba. Duk irin shirin nan yake yi. Yanzu ki haɗa wannan da zuciya mai ɗanyen miki: an ce ta ƙara gudu, alhali hanyar da ke kawo mata abinci an ƙara matse ta, ga jini ya yi danƙo yana neman inda zai maƙale. A nan ne ciwon ƙirji yake dawowa, ko harbawar zuciya ta rikice, ko kuma wata jijiyar ta sake toshewa.

Wannan na tashin hankali na farat ɗaya ke nan. Idan kuwa damuwar ta zauna ce, wata da watanni, sai wani sinadarin mai suna kotisol ya yi ta yawo a jiki fiye da kima, ya hana jini sauka, ya ɗaga suga, barci ya ƙaurace. Sannan mai damuwa ba ya kula da kansa. Shi ne mai manta magani, shi ne mai komawa ga taba da cin goro babu ƙaƙƙautawa, shi ne mai cewa ba za shi asibiti ba tunda kuɗin mota ma aiki ne.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

A shekarar 2004 an fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna INTERHEART, wanda Farfesa Salim Yusuf na Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada ya jagoranta a ƙasashe 52, har da na Afirka. An yi wa mutum sama da 24,000 tambayoyi a kan matsin da suke ciki a gida da wurin aiki da kuma harkar kuɗi. Sai aka ga waɗanda suke cikin damuwa kullum haɗarin bugun zuciyarsu ya kai ninki biyu na waɗanda ba sa ciki, kuma abin bai bambanta Bature da Baƙar fata ba.

Kafin nan, a wani bincike da aka buga a 1993, likitoci a birnin Montiriyal na Kanada sun bi sawun mutum 222 da suka tsira daga bugun zuciya. Waɗanda ciwon damuwa mai tsanani ya kama tun suna kwance a asibiti, haɗarin mutuwarsu a cikin wata shida ya ninka na sauran sau huɗu. Kuma wannan ciwo ba baƙon abu ba ne, domin kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu bugun zuciya yana faɗawa cikinsa.

Game da rashi kuwa, wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 2012, a kan marasa lafiya kusan 2,000, ya nuna cewa a ranar farko da mutum ya rasa wani makusancinsa haɗarin bugun zuciya yana ninkawa har sau 21, sannan ya riƙa sauka a hankali a makonnin da ke biye. Kada wannan adadi ya firgita ki, domin mafi yawan waɗanda aka yi wa rasuwa ba abin da ke samun zuciyarsu. Amma mai tsohon ciwon zuciya ko hawan jini, idan tana zaman makoki ko ta shiga takaba, a sa mata ido, kada a bari ta ajiye magani da sunan ba ta iya haɗiyar komai.

Akwai ma wani ciwo da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, suka sa masa suna takotsubo, sunan wata tukunya da masuntansu ke kafawa a teku. Mummunan labari ne ke kaɗa zuciya har ta saki, ta kumbura daga ƙasa ta tsuke daga sama kamar tulu, alhali jijiyoyinta ba su toshe ba. Kusan tara cikin goma na masu kamuwa da shi mata ne, yawancinsu waɗanda suka daina al'ada. Akasari zuciyar tana dawowa daidai cikin 'yan makonni idan an samu kulawar asibiti, amma yana iya kisa. Ashe mai cewa an haɗiyi zuciya bai yi ƙarya ba.

MU MATA FA?

A nan ne nake so ki gyara zama. Idan maigida ne ya kwanta, gida yakan yi tsit, a hana yara tsalle, a rage muryar rediyo. Idan kuwa uwargida ce, kwana uku da sallama za ki gan ta a gindin murhu, domin babu mai girki, ga ranar girkinta ta zagayo, ga kunyar a ce ta cika raki. Kuma damuwar gida ta fi cin zuciyar mace. A birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin an bi sawun mata 292 da aka taɓa kwantarwa saboda ciwon zuciya, na tsawon wajen shekara biyar, aka buga sakamakon a shekarar 2000. A cikin masu aure, waɗanda zaman nasu babu daɗi haɗarin dawowar ciwon ya kusa ninki uku. Wahalar wurin aiki kuwa ba ta nuna irin wannan illa a kansu ba.

Haka nan a wani bincike da aka buga a 2018, a Jami'ar Emory da ke Atlanta ta Amurka, an ɗauki mutanen da ba su daɗe da yin bugun zuciya ba, waɗanda ba su wuce shekara 61 ba, aka sa kowa ya yi jawabi a gaban mutane a kan wani lamari mai ɓata rai, ana ɗaukar hoton zuciyarsa. Babu gudu, babu ɗaukar kaya, magana ce kawai. Amma sai jini ya ragu a zuciyar kashi 22 cikin ɗari na matan, na maza kuwa kashi 11.

Mu an raine mu a kan "yi haƙuri", kuma haƙuri abu ne mai daraja. Sai dai akwai bambanci tsakanin wadda ta sa wa ranta salama, da wadda ta yi shiru abu yana cin ta a ciki, tana murmushi da rana tana kuka a filo da dare. Ta biyun baki ne ya yi shiru, zuciya tana nan tana aikin awa ashirin da huɗu a cikin adirenalin. Faɗa wa 'yar'uwa amintacciya abin da ke damunki, ko neman manya su shiga tsakani, bai kore haƙuri ba.

IRIN TAMU DAMUWAR

A wannan kwari namu na Rima, mafi yawan gidaje da shinkafa da kifi suka dogara. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a nan jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, manoma da yawa suka faɗaɗa gonaki. Sai ga ambaliyar damina ta 2020 ta shafe shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi da sauran wurare, aka bar magidanta da bashi babu amfanin gona. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, kuɗin ban-ruwa da na mota da na magani duk suka tashi. Magidancin da ya dawo daga asibiti a kan irin wannan lissafi yake kwana: gona babu mai dubawa, taki ya yi tsada, 'ya ta isa aure, ga kuɗin jinya da aka ranto. Ba ki da ikon tare ruwan gulbi, ba ki da ikon sauko da farashi. Amma ƙofar ɗakinsa a hannunki take.

ABIN DA UWARGIDA ZA TA YI

Na ɗaya, ki tsara 'yan dubiya. Duba mara lafiya lada ne, amma ɗaki ya cika daga hantsi har isha'i azaba ce. A sa lokaci, misali bayan la'asar, a shiga biyu-biyu, a gaisa, a yi addu'a, a fito. Ki sa wanda ake jin nauyinsa, kamar ƙanin maigida ko yayarsa, ya tsaya a zaure yana ba da haƙuri. Sannan a ja kunnen masu labarin nan na "ai wane ma haka ya yi, bai yi mako ba aka kai shi." Mai irin wannan baki gara ya aiko da gaisuwa.

Na biyu, a ajiye makamai. Idan ku biyu ne ko uku a gidan, wannan ba lokacin ƙorafin rabon kwana ko na cefane ba ne. Ku zauna ku raba aikin jinya, wa ke da magani, wa ke da abinci, wa ke da yara. Wadda ta kai ƙara gaban mai ɗanyen miki a zuciya don ta yi nasara a kan abokiyar zamanta, ta tuna inuwar da ake faɗa a kanta ce take sara. Idan kuwa abokiyar zamanki ce ta kwanta, ki karɓi girkinta ba tare da gori ba, domin yau gare ta, gobe ba a san gare wa ba.

Na uku, maganar kuɗi a naɗa mata wakili. Babban ɗa ko ɗan'uwa ya riƙe wayar kasuwanci na 'yan makonni, ya je ya nemi masu bin bashi su ƙara lokaci. Amma kada a rufe shi ruf kamar yaro, domin wanda ya ga ana ƙus-ƙus a bayansa abin da zai saƙa a ransa ya fi gaskiyar muni. A riƙa ba shi labari a taƙaice, tare da abin da aka riga aka yi a kai: "Alhaji, an je gona, an yi ban-ruwa, sauran taki kuma Yaya ya ce a bar masa."

Na huɗu, mummunan labari yana da ladabi. Kada ya tsince shi a WhatsApp da tsakar dare, kada yaro ya rugo da shi daga waje. A bari gari ya waye, ya karya, ya sha magani, yana zaune, sannan wanda ya yarda da shi ya faɗa masa a hankali, kuma a zauna da shi bayan nan.

Na biyar, kada lallaɓawa ta zama ɗauri. Kwanciya wuni guda tana raunana jiki, tana kuma ƙara tunani. Da izinin likita a fara da tafiyar minti biyar zuwa goma a tsakar gida, a riƙa ƙarawa har a kai rabin awa a yawancin kwanakin mako. A yi ta da sanyin safiya ko da yamma, domin zafin watan Afrilu a nan yakan haura digiri 40. Ɗaga buhu, da jan ruwa a rijiya, da daka, duk a dakata sai likita ya ce. Maganar kwanciyar aure ma likita za a tambaya, babu kunya a nan, domin tsoron da ba a furta ba yana hana ma'aurata da yawa sukuni. Haka nan duk wani maganin ƙarfin maza a nisance shi sai da saninsa, domin akwai wanda in ya haɗu da wasu magungunan zuciya jini yake faɗuwa warwas.

Na shida, magani ba a yanke shi don an ji sauƙi. Daga cikin ƙwayoyin da ake bayarwa akwai wadda aikinta shi ne ta tare wa zuciya adirenalin, akwai mai hana jini daskarewa, akwai mai rage maiƙo. Tsayar da su kwatsam haɗari ne. Kada kuma a sayo masa maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac a kemis, domin suna yi wa irin wannan zuciya illa. Idan azumi ya zo kusa da ciwon, a tambayi likita, mara lafiya dai an yi masa rangwame ya rama daga baya. A miya kuma a rage gishiri da dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mu da Allah Ya ba kifi a bakin ƙofa, ƙarfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, sai mu yawaita shi a dafe ko a gashe, mu rage kitse da soye-soye.

Na bakwai, ki lura da yanayinsa. Idan ya yi mako biyu ko fiye ba ya walwala, ba ya barci, ba ya son abinci, ba ya son ganin kowa, ko yana yawan cewa shi tasa ta ƙare, kada ki ce raunin imani ne, kada kuma ki tsaya ga cewa sammu ne. Ciwo ne mai magani. A ci gaba da addu'a, a kuma faɗa wa likita a ranar komawa asibiti, ko da shi mara lafiyar bai ambata ba.

Kuma kwantar da hankali yana da amfanin da aka auna. A Sitokholm ɗin nan dai, an raba mata 237 masu ciwon zuciya gida biyu. Kashi ɗaya aka riƙa tara su 'yan kaɗan-kaɗan, zama 20 a cikin shekara, ƙwararru suna koya musu yadda za su sassauta wa kansu, su kuma suna amayar da abin da ke ransu. Bayan wajen shekara bakwai, a sakamakon da aka buga a 2009, kashi 7 cikin ɗari ne suka rasu a cikinsu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 20. Mu da muke haɗuwa a Islamiyya da wajen adashi da gidan suna, kada mu bar 'yar'uwa mai ciwo ta kulle kanta a ɗaki.

IDAN KIKA GA WAƊANNAN, SAI ASIBITI

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji wanda ya wuce 'yan mintuna bai lafa ba, ciwon da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, zufa mai sanyi, numfashi sama-sama, jiri ko suma. A wajen mata sau da yawa abin yakan zo da tashin zuciya, da kasala mai tsanani, da zafi a saman ciki, har a ce olsa ce a jiƙa kanwa. Kada a jira gari ya waye, kada a ce ai ɓacin rai ne zai wuce, domin tsokar zuciya tana fara mutuwa tun a rabin awar farko. In kina Argungu ko ƙauyukanta, a fara da babban asibitin garin, su ne za su tura gaba in da bukata. Tun yau ki ajiye lambar mai mota, ki kuma haɗa katin asibiti da sunayen magunguna a wuri guda.

Daga ƙarshe, ke mai jinya, ke ma zuciya gare ki. Ki samu barci, ki karɓi taimako idan an miƙo, kuma ranar da kika raka shi asibiti ki miƙa naki hannun a auna jininki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa kaffara ne, Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.